Kujerar Sanata: Ba Furfura Za A Ƙirga A Basirka Ba

Duk lokacin da zaɓe ya doso, akwai maganar da ke dawowa majalisun hira daga Birnin Kudu har Basirka: dattawa su koma gefe, lokacin matasa ne. Yanzu da guguwar 2027 ta fara kaɗawa, an sake tayar da ita a kan kujerar sanatan Jigawa ta Kudu Maso Yamma, mazaɓar da ta haɗa Birnin Kudu, Buji, Dutse, Gwaram, Jahun, Kiyawa da Miga. Mun saurari masu wannan kira, kuma ba mu raina ƙorafinsu ba. Sai dai a ganinmu sun kama reshe sun bar tushe.

Mazaɓar nan ba ta taɓa barin wani ya tsufa a kan kujerar ba. Daga 1999 zuwa yau mutum biyar suka hau ta. Marigayi Bello Maitama Yusuf, Sardaunan Dutse, ɗan Gwaram wanda ya yi minista tun zamanin Shagari, ya riƙe ta daga 1999 zuwa 2007. Mujitaba Muhammad Malam ya yi zango ɗaya, Abdulmumini Hassan Zareku ma ɗaya. Sabo Muhammad Nakudu ya yi biyu, daga 2015 zuwa 2023, sannan ya nemi takarar gwamna a APC, Umar Namadi ya samu tikitin. Sai Mustapha Khabeeb, wanda ya ci kujerar a 2023 a ƙarƙashin PDP, shi kaɗai a cikin sanatocin jihar uku da bai fito daga APC ba a wancan zaɓe. Babu wanda ya wuce shekara takwas. Saboda haka duk wanda ke kan kujerar ya san tazarce a nan ba gado ba ne, ko da furfura ko babu.

Wanda ke neman misalin sanatan da ya daɗe har jama'a suka ƙosa, ba sai ya yi nisa ba. Ya tsallaka iyaka zuwa Kano ta Kudu, maƙwabtanmu na Takai da Sumaila. Kabiru Gaya, gwamnan Kano a 1992, ya shiga Majalisar Dattawa a 2007, ya yi zango huɗu, har Kawu Sumaila ya kayar da shi a 2023. Shi Kawun kuwa ba sabon yanka ba ne, ya daɗe a Majalisar Wakilai kafin nan. Abin da ya faru shi ne masu zaɓe sun samu wanda za su iya sakawa a ɗaya gefen ma'auni, suka auna, suka yanke hukunci. A Yobe ta Arewa kuwa, inda Ahmad Lawan yake majalisar tarayya tun 1999, rigimarsa da Bashir Machina a kan tikitin jam'iyya sai a Kotun Ƙoli ta ƙare a watan Fabrairun 2023. A can, alƙalai ne suka raba gardamar kafin talaka ya kai ga akwati.

Daɗewa a majalisa tana da amfaninta, kuma masu kiran a sauya kowa ba sa son jin wannan. Dokokin Majalisar Dattawa suna fifita tsofaffin mambobi wajen shugabanci, manyan kwamitoci ma galibi hannunsu suke faɗawa. A zangonsa na biyu ne Nakudu ya shugabanci ɗaya daga cikin kwamitocin man fetur. Sabon sanata yakan ɓata shekara guda yana koyon ƙofofin Abuja, wace ake ƙwanƙwasawa, wace ake jira a bakinta. Mazaɓar da ke sauya wakili duk bayan shekara huɗu tana biyan kuɗin wannan karatu sau da yawa. Amma fa girman kujera a Abuja, idan bai sauko ƙasa ya zama abin da za a nuna da yatsa ba, na mai shi ne da iyalinsa.

Mutanen Basirka suna da abin da za su auna da shi. A watan Agustan 2021, ruwa ya karya gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata motar haya da ta taso daga Kano ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Wannan hanya ta gwamnatin tarayya ce, ita ce ke ɗaukar matafiya da kayan gona zuwa Jihar Bauchi da gaba. Sanata ba ya zuba kwalta da hannunsa, mun sani. Amma shi ke zama inda ake tsara kasafin kuɗi, shi ke da ikon kiran minista da hukumar gyaran hanyoyi su yi bayani. Don haka tambayar da ta dace da mai neman komawa ita ce: a kasafin wace shekara ka sa hanyarmu, nawa aka ware, nawa aka saki? Haka za a tambaye shi game da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, inda majinyatan Gwaram da Buji ke tururuwa. Mai neman kayar da shi kuma, a tambaye shi abin da ya taɓa riƙewa da yadda ya bar shi. Shinkafa da taliya da atamfar ranar kamfe ba amsa ba ne.

Su waye ma masu ƙalubalantar? Tsarin mulki ya ce sai mai shekara 35 zai nemi sanata, kuma gyaran da aka yi a 2018 don buɗe wa matasa ƙofa ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa da na 'yan majalisar wakilai da na jihohi, bai taɓa na sanata ba. Babu iyaka ta sama, babu adadin zango. Amma ba doka ce ke tare matashi ba, kuɗin fom ne da daliget da yardar ubangida. Matashin da ya fi kowa yin fice a takarar wannan kujera shi ne Mustapha Sule Lamido, wanda ya kara da Nakudu a 2019 bai yi nasara ba, ya kuma nemi gwamna a 2023. Ba laifi ba ne mutum ya zama ɗan babansa, kuma ya nuna yana da jama'a. Sai dai kowa a Birnin Kudu ya san nauyin Bamaina, garin mahaifinsa, a lissafin PDP, kamar yadda kowa ya san nauyin gidan gwamnati a lissafin APC. Dattawan da suka fi tasiri a kan kujerar nan ba a kanta suke zaune ba, sunayensu ma ba sa fitowa a takardar ƙuri'a.

Shi ya sa muke kira ga jam'iyyu, duk wadda za ta tsayar da ɗan takara a mazaɓar, su yi zaɓen fidda gwani a fili, a ƙirga a gaban kowa. Maslahar da ake ƙullawa a falo da tsakar dare, a wayi gari a ce wane ya janye wa wane, ita ce ke haifar da ɗauki-ɗora da zaman kotu. Mutanen Gwaram kuwa sun riga sun nuna ba sa bin sak ido rufe: a 2023 sun bar manyan jam'iyyun biyu suka tura Yusuf Shitu Galambi Majalisar Wakilai a ƙarƙashin NNPP. Jam'iyyar da ta manta da wannan ta kawo musu wanda ba su zaɓa ba, za ta ji sakamako daga akwatunan Basirka, Farin Dutse da Sara.