Kwamfuta Ma Gayya Take Yi, Sai A Koya Wa Ɗalibai

Duk wanda ya riƙe wayar hannu ta zamani a kasuwar Potiskum, ko ya sani ko bai sani ba, ma'aikata da yawa ya riƙe a tafin hannunsa. Galibin wayoyin da ake sayarwa yanzu, har da masu araha, ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas gare su, kowacce tana iya yin nata lissafi a lokaci guda. Dalili kuwa shi ne, shekara da shekaru maƙera kwamfuta suna ƙara wa ƙwaƙwalwa ɗaya sauri, har aka kai inda zafi da cin wuta suka hana a ci gaba. A 2005 kamfanonin Intel da AMD suka fito da masu ƙwaƙwalwa biyu domin kwamfutocin gida da na ofis, tun daga nan sai ƙaruwa ake yi.

To, amma hanyar da aka saba koya wa ɗalibi rubuta manhaja, watau jerin umarnin da kwamfuta ke bi, hanyar ma'aikaci ɗaya ce: yi wannan, in ka gama ka yi wancan. Wanda ya fita jami'a da wannan kaɗai, kamar manomi ne da ya kira gayya, mutum takwas suka zo da fartanya, shi kuwa bai san yadda zai raba musu kunya ba, bakwai suka zauna a inuwa.

Raba aikin ba shi da sauƙi kamar yadda ake zato. A dubi masu lodin shanu a kasuwar shanu ta Potiskum, wadda take cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Ana iya ƙara masu kora da masu ɗauri, amma in ƙofar tirela ɗaya ce, sa ɗaya zai shiga bayan ɗaya. Wani masani na Amurka, Gene Amdahl, ya bayyana wannan tun 1967. A ce aiki na awa 10 ne, awa 1 daga ciki ba ta rabuwa. In aka sa mutum 9, za a gama cikin awa 2. In aka sa mutum 90, sai awa 1 da minti 6. Ko dubu aka tara ba za a sauka ƙasa da awa guda ba. Ɗalibin da ya gane wannan ba zai bari a sayo na'ura mai tsada a kan aikin da ba ya rabuwa ba.

Akwai kuma rikicin da ya fi wannan, shi ne na ma'aikata biyu su kai hannu kan abu ɗaya. Dillali ya sayar da sa, wani dillalin ya sayar da shi ga wani, ba wanda ya ji labarin ɗan'uwansa. Haka ƙwaƙwalwa biyu ke yi da asusun banki in ba a tsara musu wanda zai fara ba. Mugun abin shi ne, manhajar tana iya yin daidai sau dubu, ta ɓaci a na dubu da ɗaya, a nemi dalili a rasa.

In kuwa kwamfutocin suna garuruwa daban-daban, sai wahala ta ninka. Mai POS a Fika ya sa kati, saƙo ya tafi banki, an cire kuɗi, amsa ta ɓace a hanya. Na'urar ba ta da hanyar sanin ko bankin ne bai ji ba, ko amsar ce ba ta dawo ba. Jama'a sun ɗanɗana irin wannan ƙwarai da gaske a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Wannan fa ba tsautsayi ba ne kawai, fanni ne na ilmi mai ƙa'idojinsa. Leslie Lamport ya rubuta maƙala a 1978 kan yadda kwamfutocin da agogonsu bai zo ɗaya ba za su yarda da abin da ya riga wani faruwa, kuma a kan irin wannan aiki aka ba shi lambar Turing ta 2013.

Uzurin da akan bayar shi ne rashin kayan aiki. Wannan uzuri bai karɓu ba. A 1994 Thomas Sterling da Donald Becker, a hukumar NASA ta Amurka, suka haɗa kwamfutoci 16 irin na kasuwa da waya, suka sa musu suna Beowulf, suka yi aikin da a dā sai na'urar miliyoyi. Kowace ɗaya daga cikinsu ba ta kai wayar ɗan acaɓa ta yau ƙarfi ba. A 2012 Jami'ar Southampton ta Ingila ta yi irin haka da ƙananan na'urori 64 na Raspberry Pi. Manhajojin koyarwar, irin su MPI da OpenMP, kyauta ake samunsu. Tsofaffin kwamfutoci shida da ke shan ƙura a ɗakin ajiya sun isa aji guda. Ɗauke wuta ma, da ake kuka da shi, darasi ne a nan: malami ya zare wayar kwamfuta ɗaya ana tsakiyar lissafi, a ga ko manhajar ɗalibi za ta ci gaba da biyar ɗin da suka rage.

Ƙofa ma a buɗe take. Tun 2013 manyan ƙungiyoyin masana kwamfuta na duniya, ACM da IEEE, suka ware wa wannan fanni babi nasa a cikin tsarin karatun da suke ba jami'o'i shawara a kansa. A Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin karatu, ta tsayar da kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita. Saboda haka Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, suna da ikon ba wannan fanni wuri mai faɗi ba tare da jiran Abuja ba. Abin da ya kamata shi ne a fara shi tun shekara ta biyu, da gwaji a ɗakin kwamfuta, kada a bar shi sai zangon ƙarshe, a karanta shi a allo mako biyu a wuce.

Babbar matsala dai ita ce malamai, domin wanda bai taɓa kwana yana farautar kuskuren da ke zuwa sau ɗaya cikin dubu ba, da wuya ya koya wa wani. Nan ne Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum, wadda aikinta ke nan horar da malamai, za ta iya haɗa kai da jami'o'in nan biyu, a shirya kwas na mako huɗu ko shida lokacin dogon hutu, malaman kowane gari su zo da tsofaffin kwamfutocinsu a haɗa.