Idan Manhajar Banki Ba Ta Magana, Makaho Ba Shi Da Sirri

Shiga saitunan wayarka ka kunna TalkBack idan Android ce, ko VoiceOver idan iPhone ce. Sai ka rufe ido ka gwada tura wa wani naira dubu ɗaya. Wayar za ta riƙa karanta maka duk abin da yatsanka ya taɓa. Amma idan mai haɗa manhajar bai sa wa maballi suna ba, iyakar abin da za ka ji shi ne akwai maballi a wurin. Na tura kuɗi ne ko na sokewa? Oho.

A nan ne makaho kan miƙa wa wani wayarsa, ya kuma faɗa masa lambar sirrinsa. Haka abin yake a wajen mai POS idan na'urar ta shafawa ce, ba ta da maballan da za a laluba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa suka koma tura kuɗi ta waya, don haka wanda manhaja ta rufe wa ƙofa, kasuwa ce aka hana shi shiga.

Tarayyar Turai ta daina barin wannan ga tausayin kamfanoni. Dokar da ta amince da ita a 2019 ta fara aiki ranar 28 ga Yuni 2025, kuma ta shafi wayoyin zamani, kwamfutoci, na'urorin ATM, littattafan lantarki, hidimar banki da cinikin intanet. Duk kamfanin da ke son kasuwar Turai dole ne kayansa su yi wa masu buƙata ta musamman aiki. A Amurka kuwa, wani makaho ya kai Domino's Pizza ƙara saboda ya kasa sayen abinci ta shafinsu da manhajarsu, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin.

Najeriya ma tana da tata dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, ta kuma tanadi hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. Mataki ne mai kyau, sai dai hankalinta ya fi karkata ga gini, sufuri, ilimi da aikin yi. Yau kuwa ƙofar banki tana cikin aljihu.

Ra'ayina shi ne Babban Bankin Najeriya da hukumar NITDA su fitar da ƙa'ida a rubuce: duk manhajar banki da shafin gwamnati sai sun yi aiki da manhajar karanta allo, da wa'adi, da tara ga wanda ya ƙi. Ba sai an ƙirƙiro sabon ma'auni ba, akwai ƙa'idojin WCAG da ake amfani da su a duniya.

Wasu za su ce abin zai ci kuɗi. Sa wa maballi suna aikin 'yan mintuna ne ga mai rubuta manhaja. Tsadar tana zuwa ne idan aka bari sai an gama gini. Dokar Turai ma ta ɗauke wa ƙananan masu ba da hidima, masu ma'aikata ƙasa da 10, wannan nauyi. Kuma ribar ta kowa ce: babban rubutu zai taimaki mahaifinka da idonsa ya fara rauni, rubutun ƙasan bidiyo zai taimaki kurma da kai da ke cikin hayaniyar tasha.

Kafin hukuma ta motsa, kai ma da naka. Idan ka ɗora hoto a Facebook ko X, rubuta bayaninsa a gurbin da aka tanada. Idan manhajar bankinka ta faɗi gwajin rufe ido, rubuta hakan a Play Store ka rage mata tauraro. Kamfanoni suna karanta wurin.