An raba keken guragu, saura hawa da sauka

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa mutane kimanin miliyan 80 ne ke buƙatar keken guragu a duniya, kuma a wasu ƙasashen kashi 5 cikin 100 ne kacal ke samu.

Wannan giɓi ne gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji a ƙasashe masu tasowa ke ƙoƙarin cikewa da rabon kekuna. To amma akwai tambayar da ba a cika yi ba a wurin bikin rabon: idan mutum ya koma gida, ta yaya zai tashi daga shimfiɗa ya hau keken, ya kuma sauka idan zai kewaya?

Ga wanda ya samu rauni a laka, nan ne haɗarin yake. Yakan yi wannan hawa da sauka sau da yawa a yini. Idan aka ja shi a kan taya ko ƙarfen keken, fatar mazaunansa na iya saluɓewa ba tare da ya ji ba, daga nan gyambo ya samu mafari. Irin wannan gyambo na daga cikin abubuwan da ke kashe masu raunin laka a ƙasashe matalauta. Su ma masu ɗagawar, galibi uwa ko mata, sukan ƙare da ciwon baya.

A Turai da Amurka akwai na'urar ɗaga majinyaci, sai dai kuɗinta ya kai ɗaruruwan daloli, wata ma ta haura dubu, kuma tana son daɓe mai laushi da ɗaki mai faɗi. Wasu na aiki da batir, abin da ke nufin sai da lantarki.

Mafi sauƙi shi ne katako mai santsi da bai kai mita guda ba, wanda ake girkawa kamar gada tsakanin keke da gado, mutum ya zame a kai da ƙarfin hannuwansa. Kafinta zai iya yin sa, muddin ya goge shi sosai ya kashe kaifin gefunan. Dabarar ba sabuwa ba ce. Littafin David Werner na 1987 kan yara nakasassu na karkara, wanda ya samo asali daga aikinsa a Meziko, ya nuna irin waɗannan kayan da ake haɗawa a gida.

Ƙa'idojin da WHO ta fitar a 2008 sun ce bayar da keke ya haɗa da auna mutum, da ba shi matashin zama, da koya masa amfani da shi. Horon shi ne ke fara faɗuwa idan kuɗi suka yi kaɗan, wataƙila saboda ba ya fitowa a hoto kamar jerin sababbin kekuna.

Sai dai katakon ma yana da iyaka. Yana aiki ne idan wurare biyun sun kusa zama tsayi ɗaya. A gidajen da ake kwana a tabarma ko katifar ƙasa, ake kuma amfani da masai na tsuguno, kamar a wasu gidajen karkarar Najeriya da Nijar, sai an haɗa da gado mai tsayin keken, da kujerar bayan gida, da ƙarfen dafawa a bango. Biyun ƙarshe suna cikin jerin kayayyaki 50 da WHO ta ce a bai wa fifiko a 2016.

Sashe na 20 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006 ya wajabta wa ƙasashe samar da kayan taimakon motsi a farashi mai rahusa. Najeriya da Nijar duk sun amince da ita.