Ba a cinikin biri a sama

'Yan kasuwar Filinge da Balayara, ku yi hattara da kyan ɗan maciji. Mutum ya tara jikkunan wake da dabbobi, ya sayo sabuwar mota a Yamai, kafin damina ta zagayo fenti ya kumbura yana ɓarewa. Dillali ya ce laifin ranar Kurfai ne. Ƙarya ne! Fentin da aka gasa da kyau a masana'anta ba ya ɓarewa cikin shekara guda.

Ku duba mota da rana tsaka, ku gwama launin ƙofofi. A rubuta garantin fenti a takarda kafin kuɗi su fita. In mai ita ya ƙi, ku yi gaba. Inda fenti ya ɓare tsatsa ke shiga, asarar kuwa taku ce.