Kafin Ruwa Ya Sauka: Kowane Ɗalibi Ya Nemi Buhu Ɗaya



A darasin noma mun zana fartanya da garma a littafi, mun haddace sunayen ƙasa iri-iri, mun kuma ci jarrabawa a kai. Amma idan aka tambayi ajinmu su waye suka taɓa shuka wani abu da hannunsu har ya shiga tukunya, hannuwan da za a ɗaga ba za su cika ƙirga ba. A ganinmu wannan bai dace da 'ya'yan Kano ba. Damina tana tafe, shi ya sa muke cewa kowannenmu ya fara da buhu ɗaya a gida, makaranta kuma ta ba mu wuri a bayan azuzuwa.

Mun san abin da za a fara cewa: ai cikin birni babu fili. Gaskiya ne, lungunanmu a matse suke, wani tsakar gidan ma da ƙyar yake ɗaukar tabarma biyu da igiyar shanya. Sai dai birnin nan ba haka yake ba a da. Wani Bature mai suna Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya tarar gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na cikin badala ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Bayan haka ma, shekara da shekaru manoman karkara suna shigowa da jakuna su kwashi takin birni zuwa gonakinsu. Wato abin da yau muke sharewa daga turken awaki mu kai bola, dukiya ce da ake biya a saya. Filin ya tafi, amma takin yana nan, rana ma tana nan.

Buhun shinkafa da ya ƙare, tsohon bokiti, jarkar da ta fashe, randar da ta tsage, duk gona ce. Abu guda da bai kamata a manta ba shi ne a huda ƙasansu da ƙusa wuri biyar ko shida, a zuba 'yar tsakuwa ko gutsattsarin gawayi kafin ƙasa. In ba a huda ba, ruwan Agusta zai kwanta a ciki, saiwa ta ruɓe, sauro kuma ya sami gidan haya kyauta. Jarkar da aka taɓa zuba baƙin mai ko maganin ƙwari a cikinta kuwa, a bar ta, ko an wanke.

Ƙasar da za a zuba, a haɗa kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na yashi, kashi ɗaya na taki. Takin nan sai wanda ya bushe ya kwana biyu. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙone tsiro cikin 'yan kwanaki. A tara shi a gefe da na awaki da ɓawon kayan miya, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har ya yi baƙi ya daina wari. Ƙasar bola ba ma ba da shawararta, domin akwai tsohon batir da kwalba da leda a ciki. Kuma don Allah kada wani ya ɗauki buhu ya nufi badala. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara gina ta, wajen shekara 900 ke nan, kuma ɗibar ƙasa yana cikin abubuwan da suka cinye ta. Alayyahunmu bai kai wannan tsadar ba.

Me za a shuka? Yawancinmu tumatir ne zai fara zuwa ranmu, saboda muna jin iyayenmu mata suna kuka da tsadarsa duk damina. Dalilin tsadar shi ne yawancin tumatir ɗinmu na noman rani ne, daga wurare irin su Kadawa da Kura, kuma ba ya son ruwan sama mai yawa. Yana da saurin kamuwa da cuta, ga tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Wanda bai taɓa shuka ba ya fara da abin da ba zai karya masa zuciya ba. Alayyahu yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuma in an yanke sama aka bar gindin sai ya sake tohowa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi kafin a barbaɗa don kada ya fito a cunkushe. Kuɓewa a jiƙa irinta ta kwana, a sa ƙwaya biyu a rami, cikin kamar wata biyu ta fara 'ya'ya. Yakuwa da rama ba su da rigima. Zogale ma ba sai da iri ba: reshe mai tsawon kamu ɗaya ko biyu, a kafa shi a babban buhu, zai kama. Gindin albasar da ake yankewa a zubar, in an binne shi yana ba da lawashi.

Duk wannan ba a kashe ko sisi ba tukuna. Iri ma ana samunsa a kicin, daga jan barkono da ya nuna sosai ko kuɓewar da ta bushe a jikin uwarta.

Maganar ruwa ita ce mai nauyi, ba za mu ɓoye ba. A unguwanni da yawa wurin 'yan garuwa ake saye, kuma babu uwar da za ta yarda a zuba ruwan kuɗi a buhu. Amma a lissafa ruwan da ke bin rariya kullum: na alwala sau biyar, na wanke shinkafa, na wanke kayan miya. A ajiye roba a tara, ya ishi buhu biyu ko uku. Ruwan wanki mai omo da ruwan kwata su kam a'a, tunda ganyen nan cikinmu zai shiga. A yi ban ruwa da sassafe kafin a taho makaranta ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba. A rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye don ta daɗe da laima. Akwai kuma dabarar gorar roba: a huda ta da allura, a cika, a binne ta rabi kusa da saiwa, ta riƙa ɗiga a hankali muna aji.

Sai awaki da kaji, waɗanda su ne manyan abokan gabar wannan aiki. Akuya ɗaya tana iya gama aikin wata guda kafin a idar da sallah. Tsohon gidan sauro da sanduna huɗu sun isa shinge, ko a kifa kwando, ko a ɗora bokitin a kan benci. Amma ban da saman soron ƙasa. Buhu mai jiƙaƙƙiyar ƙasa yana da nauyi, ruwan da ke tsiyaya daga cikinsa kuma yana cin rufi, ga shi kowace damina muna jin labarin gidajen ƙasa da suka rufta. Jikin katangar ƙasa ma a ba da tazara.

Ƙwari in sun zo, ba sai an sayi maganin feshi ba, wanda ajiye shi a gida mai yara hatsari ne. A daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Tokar murhu kaɗan a kan ganye ma tana taimakawa. Tsutsa kuwa a tsince ta da hannu.

Ga roƙonmu ga Shugaban Makaranta da malaman noma. A ba kowane aji wuri kaɗan a bayan azuzuwa, inda yanzu ba komai sai leda da ciyawa, kowane rukuni na ɗalibai biyar su riƙe buhu biyu da sunansu a jiki. A sa makin aikin cikin gwajin zango, domin mun san halinmu, abin da babu maki a kansa ba ya daɗewa. Wasu malamai suna tambaya wa zai kula da shukar a dogon hutu. Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da sama ke yin ban ruwa da kanta. Abin da ya rage shi ne cire ciyawa da duba shinge, kuma mu da muke zaune kusa da makaranta za mu iya raba kwanaki, in an ba maigadi sunayenmu.

Wanda ke da irin alayyahu, kuɓewa ko yakuwa fiye da bukatarsa ya ƙunso a takarda, ya rubuta sunan irin a bayanta, ya kawo wa 'yan ƙungiyar jarida lokacin tara. Za mu raba wa waɗanda suka riga suka huda buhunsu.