Ba Gidan Ƙasa Ne Matsalar Goronyo Ba

Da an ta da zancen dokar gini mai kare muhalli, amsa ɗaya ake bayarwa: wannan na masu kuɗin Abuja ne, talaka ya samu bulo da kwano ma ya gode Allah. Ban yarda ba. A Goronyo da Wurno da Rabah, bulon da kwanon su ne tsadar.

A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, alhali ga masana'antarsa nan Kalambaina, cikin jiharmu. Manomi zai karyar da albasar shekara ya tsayar da ɗaki biyu, ya rufe da kwano ba silin, Afrilu na kamawa iyalinsa su koma kwana tsakar gida. Katangar soro kuwa, saboda kaurinta, tana tare zafin rana ya kasa ratsawa ciki da wuri. Ƙa'idar rage shan lantarki a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, sanyin nan take nema, kuma maginanmu sun daɗe da sanin hanyarsa.

Za a ce, ambaliyar Satumbar 2010 fa, da ruwan madatsar Goronyo ya narkar da gidajen ƙasa a ƙauyukan bakin gulbin Rima? An yi, kuma ba a manta ba. Amma gidan da aka kafa kan hanyar ruwa, tubali tun daga tushe, dole ya zube. Nan doka take da aiki: ta hana gini a kwarin fadama, ta ba mutane fili kan tudu, ta wajabta harsashin dutse da siminti har gwiwa, sama kuma a bar wa ƙasa. Yaɓen kowace shekara wahala ne, azara ma ta yi wuya don giginya ta ragu. Tubalin da inji ya matse da ɗan siminti, da rufi mai inuwa ga katanga, suna rage wannan.

Ba sai mun je nesa ba. Masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji ma, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da matsattsen tubali a 2018. Ƙasarsu ba ta fi tamu ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne kunyar da aka saka wa mutane, har saurayi na jinkirta aure don kada a ce ya kai amarya ɗakin ƙasa. Gwamnatin Sakkwato ta fara cire kunyar da kanta: ajujuwa da gidajen malamai da za ta gina nan gaba a Goronyo, ta yi su da ƙasar Goronyo.