Otal-otal ɗin Kano da bashin da Tiga da Falgore ke bin su

Tun daga watan Disamba na shekarar 2024, lokacin da hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, zancen baƙi da masaukinsu ya sake tasowa a bakin jami'an gwamnati da 'yan kasuwa. Kowa lissafinsa ɗaya: baƙi za su ƙaru, saboda haka a ƙara ɗakuna. Ba na jayayya da wannan lissafi. Birnin da tarihi ya ce Bagauda ya fara sarautarsa a shekarar 999, wanda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa wa Kasuwar Kurmi fiye da shekara ɗari biyar da suka wuce, bai kamata a ce baƙo ya rasa wurin kwana mai mutunci a cikinsa ba. Tambayar da ba na jin ana yi ita ce, wane irin ɗaki za a ƙara, kuma wa zai biya kuɗin ruwa da itacen da ɗakin zai ci?

A ƙasashen Turai da wasu na Asiya an daɗe ana tallar abin da suke kira otal mai kula da muhalli. Duk wanda ya taɓa sauka a irinsu ya san 'yar takardar nan da ake ajiyewa a banɗaki, ana roƙon baƙo ya rataye tawul ɗinsa idan bai buƙatar a wanke. Wasu manyan otal-otal namu sun kwaikwayi takardar, alhali a bayan ginin janareto na ta ruri dare da rana. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Matsalar muhalli a masaukan Kano ta fi tawul girma, kuma mu da ke zaune a kudancin jihar, daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, mun fi kowa sanin inda take ciwo, domin a wurinmu ake ɗibar abin da birni ke kashewa.

Mu fara da ruwa. Madatsar Tiga, wadda gwamnatin marigayi Audu Bako ta kammala a 1974, tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan biyu. Daga cikinta Kogin Kano ke gangarawa ya shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, daga kogin ne kuma matatar Tamburawa ke jan ruwan da take turawa birni. Wato dai ruwan da baƙo ke sakar wa kansa a banɗakin otal a Nasarawa, idan na famfo ne, akwai yiwuwar a kan duwatsun Doguwa ya fara sauka. Idan kuma na burtsatse ne, kamar yadda yake a mafi yawan otal-otal, to daga ƙarƙashin gidajen maƙwabta ake zuƙo shi. Mai otal yana da kuɗin da zai haƙa rijiya mai zurfi, maƙwabcinsa ba shi da shi, sai rijiyar gida ta ƙafe a koma jiran 'yan garuwa. Babu wanda ke auna yawan ruwan da otal ɗaya ke ja a rana, balle a tambaye shi ina ruwan wanki da na wanka ke tafiya bayan an gama da shi.

Ruwan nan kuma yana da masu jiransa a gaba. Tun da aka datse Tiga, aka kuma ƙara da madatsar Challawa a farkon shekarun 1990, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyaya na can suka shiga wani hali. Ba otal-otal ne suka jawo wannan ba, amma duk mai ɓarnar ruwa a Kano ya sani cewa rabon wani yake zubarwa. Addininmu ma ya hana almubazzaranci da ruwa ko da a alwala ne, ko da kuwa mutum a bakin kogi yake.

Sai batun gawayi. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Jos ta Kwanar Ɗangora ya saba ganin buhunan gawayi jere a bakin titi, da motocin da ake lodawa suna nufar birni. Dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, an keɓe shi ne tun zamanin Turawa, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Shi ne kuma ke riƙe ƙasar da ruwan Tiga ke bi. Idan aka sare itatuwan, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya zuba a cikin madatsar, ta riƙa cikewa da yashi a hankali. Tsadar iskar gas ta mayar da gidaje da gidajen abinci da yawa kan gawayi, kuma kicin ɗin otal da wurin gashin naman da ke harabarsa suna cikin manyan masu saye. Ba na zargin talakan da ke ƙona gawayi don ya ciyar da iyalinsa. Mai sayen buhu hamsin a lokaci ɗaya shi ya kamata a fara tambaya.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne gini. Kano na shiga zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, amma sai ka ga an ɗaga bene na siminti an lulluɓe fuskarsa da gilashi tun daga ƙasa har sama, kamar a Landan ake ginin, inda rana baƙuwa ce. Irin wannan gini tanda ne. Ba a iya zama cikinsa minti goma sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma na'urar ba ta tafiya sai da wutar KEDCO ko dizal. Da aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, masu otal sun ji a jikinsu. Da wuta ta ɗauke a yawancin Arewa fiye da mako guda a watan Oktoba na wannan shekarar, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, an ga wanda ya gina gida da wanda ya gina akwati.

Alhali kuwa amsar tana nan cikin ganuwa. Wanda ya shiga Gidan Makama da tsakar rana, ko Gidan Ɗan Hausa inda Bature Hanns Vischer ya zauna a farkon ƙarni na ashirin, ya san sanyin da ke tarbar mutum tun daga zaure. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin rana ya hana shi shiga, sai dare ya yi ya sake shi. Rufin azara da daurin guga suna ba ɗaki tsawo, iska mai zafi ta hau sama. Ƙananan tagogi, tsakar gida mai inuwar bishiya, shafen makuba da ke kare bango daga ruwa, duk ilimi ne da magina suka gada ƙarƙashin Sarkin Magina. Na san abin da za a ce: ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, damina kuma ba ta da tausayi. Gaskiya ne. Amma yau akwai bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a haɗa da ɗan siminti, akwai harsashin dutse, akwai hanyoyin fitar da ruwan rufi da suka fi indararo. Kuɗin yaɓen shekara bai kai kuɗin dizal na wata guda ba, kuma a aljihun maginin unguwa yake faɗawa.

Saukar baƙi ma ba sabon abu ba ne gare mu. Fagge zango ne na ayarin Azbinawa da Larabawa. Fatoma shi ne mai masaukin fatake, ya ba su ɗaki da abinci, ya adana kayansu, ya haɗa su da masu saye, sunansa kuma shi ne jinginarsa. A Agadas, wadda UNESCO ta sanya tsohon garinta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, akwai masaukan baƙi a cikin gine-ginen ƙasa, kusa da hasumiyar masallacin nan mai tsawon mita 27. A Marrakesh da Fas na ƙasar Maroko, tsofaffin gidaje masu tsakar gida ne aka gyara suka zama masaukan da baƙi suka fi nema. Sai dai a nan akwai darasi mai ɗaci, domin attajiran waje sun saye gidaje da yawa a Marrakesh, farashi ya tashi, 'yan asalin unguwa suka koma bayan gari. Haka kuma mutanen cikin birnin Kano na da hujja idan suka ɗaga gira da jin kalmar otal, saboda abin da sunan ya ɗauko a idon jama'a. Shi ya sa nake ganin irin wannan masauki ya kasance a hannun zuri'ar gidan, ɗaki shida ko takwas, da sanin mai unguwa, bisa ƙa'idar da unguwar ta yarda da ita. Malamin jami'a da ya zo bincike a Kurmi, ko Bazazzagin da ya kawo iyalinsa kallon Hawan Daushe, ba mashaya suke nema ba.

Audu Bako ya hango wannan tun shekarun 1970. Ya gina otal a bakin tafkin Bagauda, ya gina Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan Tiga, da nufin baƙon Kano ya kwana biyu a birni ya kwana ɗaya a kudu, arziƙin ya ratsa ƙauye. Yau harabar Bagauda reshe ce ta Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Rock Castle ya daɗe da fita daga bakin masu neman wurin hutu. Falgore kuwa, satar shanu da garkuwa da mutane sun sa sojoji suka mai da shi filin atisaye a 2017. A birni ma Otal ɗin Daula ya ƙare a rikicin filaye da rusau na 2023. Gwamnatoci sun nuna ba su iya riƙon otal ba, kuma ba na kira su koma.

Abin da ke hannun gwamnati shi ne lasisi da izinin gini. Hukumar KNUPDA na iya ƙin amincewa da zanen otal da bai tanadi inuwa da mashigar iska ba. Ana iya wajabta wa duk otal mai ɗaki talatin zuwa sama ya sa mita a kan burtsatsensa, ya tace ruwan wanka ya shayar da shuke-shuke da shi, ya ɗora faranti mai amfani da hasken rana a kan rufinsa, ko don dumama ruwa kawai. Jihar da aka buɗe wa tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso a farkon 2023 ba za ta ce fasahar baƙuwa ce ba. Daga harajin da ake karɓa a kan kowane ɗaki kuma, a ware wani kaso bayyananne da doka ta ambata, a zuba shi a dashen itatuwa da albashin masu gadin daji a Falgore da Ɗansoshiya, a riƙa buga lissafinsa a jarida duk shekara. 'Yan majalisar dokokin jiha masu wakiltar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su ne ya dace su gabatar da wannan ƙudiri, tun kafin a zauna kan kasafin kuɗin shekara mai zuwa.